Littafin Jirgi a Adakar Goggo

Ranar da Goggo ta rasu an yi dariya a gidan makoki, kuma Liman ne ya fara. Na san wasu za su ce bai kamata in buɗe ta'aziyya da wannan ba. To, haka abin ya zo, ni kuwa Goggo ba ta rene ni da rufa-rufa ba. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ita ta riga mu, da hantsin wata Talata, a ɗakinta na Yankara, kanta bisa cinyata.

Da aka zo shirya ta, aminiyarta, tsohuwar da suka shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakaninsu, ta jawo adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gado don ta ɗauko likkafani. Kowa ya san yana nan. Tun shekarar da Goggo ta je Makka ta sayo farin yadin, ta tsoma shi a ruwan Zamzam, ta shanya, ta ninke, ta ajiye yana jiran ranarsa, kamar yadda alhazai da yawa kan yi. Aminiyar na warware ninkin farko sai wani ɗan littafi ya zamo daga ciki. Tsohuwar nan da ba ta iya sunkuyawa sai ta dafa bango, sai ga ta ta cafe shi kafin ya taɓa ƙasa, ta ɗora a goshi. A wurinmu takardar da aka samu kwance da likkafani ai ba ta wasa ba ce.

Ta ce, "Addu'o'i ne ta taho da su daga Gabas. A kai ma Liman shi duba, halan akwai wasicci ciki."

Aka miƙa wa Baba, mahaifina kuma ƙanen Goggo, a bakin zaure. Ya karɓa da hannu biyu ya kai wa Liman. Liman ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya buɗe. Sai ga hoton jirgin sama, ja da fari, da 'yan tagogi a jere, kowace taga da fuskar mutum tana murmushi. An ce ya daɗe yana kallo, ya juya shafi, ya sake juyawa, sannan kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce, "Allah Shi jiƙan Hajiya, har yau ba ta gama ba mu mamaki ba." Maza suka kwashe da dariya, irin wadda ake yi ana share ido. Baba kaɗai bai yi ba. Ya karɓi littafin ya zagaya bayan rumbu, ya jima bai fito ba.

Cikin gida kuwa mata suka shiga tofa albarkacin bakinsu. Wata ta ce ruɗin tsufa ne. Wata ta ce na wani jika ne ya mance da shi. Wata kuma, wadda ba zan faɗi yadda muke da ita ba don kada a gane ta, ta ce dama Hajiya akwai tara tarkace. Na ji su duka ban tanka ba, domin ranar ba ta magana ba ce. Yanzu an yi sadakar arba'in, bakina ya buɗe. Littafin nan nawa ne, kuma akwai ƙarya a cikinsa wadda ni na yi ta da hannuna.

Goggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta haifi uku, duka suka koma tun suna goye. Shi ya sa da aka yaye ni a Mabai aka kai mata ni riƙo Yankara. Mijinta ya rasu ina 'yar shekara biyar, muka ci gaba da zama mu biyu a sashenta, cikin gidan danginsa. Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin baki. Ba ta iya rarrashi da magana ba. In ta ga raina ya ɓaci sai ta kankaro mini ƙanzon tukunya ta tura gabana, ta ce, "Ci, 'yar boko, fushi bai ƙosar da kowa."

Sana'arta kaɗi. Daga ta idar da sallar la'asar za ta zauna a rumfa, taskirar auduga a gefe, alli a yatsa, mazari na juyawa. A lokacin zaren kanti ya fara cika kasuwa, mata da yawa sun jefar da mazarinsu, ita kuwa ta ce sai ranar da yatsun suka ƙi. Masaƙa daga Mairuwa har gida suke biyo ta, domin murɗin zarenta daban ne. Na taɓa ganin ta a kasuwa ta tsaya gaban wani mai sayar da farin saƙi, ta murza bakin ƙyallen da babban yatsa, ta ce, "Wanga nawa ne, wancan ba nawa ba." Mutumin ya rantse gaskiya ta faɗa.

Abu ɗaya ake zarginta da shi: ba ta rakiya. Komai girman baƙo, iyakarta bakin zaure, ta ce Allah Ya kiyaye hanya, ta juya. A garin da ake raka mutum har sai ya ce don Allah a koma, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Wasu suka ce girman kai ne. Ita kanta ba ta tafiya. Iyakarta Mabai da Funtuwa, kuma ko ruwa ake da ƙanƙara a ɗakinta take kwana.

Sai ga shekarun kuɗin mai sun zo. Wanda bai ga lokacin ba zai ce ƙari nake. Rufin kwano ya fara ƙyalli a ƙauyuka, rediyo a kafaɗar kowane saurayi, babura suna firgita awaki. Gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka kama gina azuzuwa ko'ina. Baba, manomin auduga da bai taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba, ya samu kwangilar kai yashi da tsakuwa. Kafin shekara ta zagayo hannunsa ya yi nauyi. Abin da ya fara yi shi ne ya biya wa yayarsa kujerar Makka, ba tare da ya shawarce ta ba, wai albishir zai yi mata.

Ina nan ranar da ya zo. Ya durƙusa a bakin rumfa, bakinsa har kunne, ya faɗa mata. Mazari bai tsaya ba.

Ta ce, "Ba ni zuwa."

"Yaya, Makka hwa na ce."

"Kunnena lahiya lau. Kai Auta, wa ya aike ka? Ka ba uwar ɗiyanka, ko ka tahi da kanka."

Baba mai haƙuri ne, amma ranar har muryarsa ta tashi. Ya ce ita ta goya shi, ita ta yi masa aure, in bai kai ta ba wa zai kai? Ya ce ga shekaru suna turawa, in ta bari bana wa ya san baɗi. Ta ce ya ɗauke mata ƙafa daga kan audugarta. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce nan da kasuwa biyu zai dawo ya kai ta Funtuwa a ɗauki hoton fasfo a yi allura. In ranar ta wuce za a ba wani kujerar, shi kuma ba zai sake buɗe baki ba har abada. Suka rabu ba sallama, abin da ban taɓa gani tsakaninsu ba.

Gari ya ɗauka Goggo tsoron jirgi take. Ni ma haka na ɗauka. Ina aji huɗu a lokacin, shekarata goma, kuma ina jin babu ciwon da boko bai da maganinsa.

Maganin kuwa yana cikin jakata. Watanni kafin nan an kawo wa makarantarmu littattafai cikin kwalaye, aka jibge su a ɗakin ajiya mai daɓen ƙasa, gara ta samu abin buki. Waɗanda suka lalace malaminmu ya raba mana mu kai gida. Nawa ɗan siriri ne, na yara, da Hausa, kan yadda jirgin sama ke tashi. Gara ta cinye bangon gaba da na baya, don haka har yau ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta ba. Kowane shafi hoto ne da layi biyu ko uku.

Na zauna kusa da ita da la'asar na ce zan yi karatu. Ta ce in yi, ai ba da bakinta zan yi ba. Shafin farko ya nuna direban jirgi yana zagaya jirginsa a ƙasa, yana duba taya da fiffike. Littafin ya ce kullum sai ya yi haka kafin ya tashi, ko da jiya ya duba. Goggo ta ɗan rage gudun mazari.

Ta ce, "Ko da jiya ya duba? To wanga ya samu tarbiyya."

Kashegari muka yi shafin kaya. An nuna mutane a layi ana ɗora akwatunansu a sikeli, aka ce jirgin da kaya suka yi wa yawa ba ya iya tashi. Wannan ma ta amince, ta ce ko jaki haka yake, sai dai shi jaki ba a tambayarsa.

A shafin iska ne muka yi rigima. Littafin ya ce in jirgi zai tashi sai ya juya ya fuskanci iska, domin iskar da ke tura shi baya ita ke ɗaga shi sama. Goggo ta yi tsaki.

"Ƙarya shike. Mai littahin nan bai taɓa shiƙa ba. Wa ke fuskantar iska? Ki tsaya masussuka ki ɗaga ƙwarya ki ba iska fuska, ki gani in ƙaiƙayi bai koma kan masheƙiya ba."

Na ce ai a rubuce yake. Ta ce ko a goshina aka rubuta, ita ta shekara hamsin tana shiƙar gero, ba wani mai zanen jirgi da zai koya mata iska. Na yi fushi na rufe littafi, ta turo mini ƙanzo, na ƙi ci. Kwana uku ba mu koma kansa ba. Ashe a kwanakin nan, in ta je ɗiban ruwa, tsayawa take a bakin fadama inda Fulani ke kiwo, tana kallon balbelu. A rana ta huɗu ta dawo ta sauke tulu, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Balbela ma juyowa take ta ba iska ƙirji kahin ta tashi. Ɗauko littahin." Iyakar ban-haƙurin da na taɓa samu daga Goggo ke nan, kuma ya ishe ni.

Shafi na gaba shi ne jirgi a saman gajimare, ƙasa ana ruwa, sama rana tarwai. Ta daɗe tana kallon wannan. Sannan ta ce in juya.

Na ce, "Ya ƙare."

"Ya ƙare kamar yaya? Bai sauka ba?"

"Gara ta cinye sauran."

Sai ta ajiye mazari a cikin taskira, rana ba ta ko yi ja ba. Ban taɓa ganin ta tashi daga kaɗi kafin magariba ba.

Ta ce, "Haka suke. A ba ka labarin tahiya, ba a ba ka na dawowa."

A ranar ta ba ni labarin da ko Baba bai cika jin sa daga bakinta ba. Tana 'yar shekara tara mahaifinsu ya ɗaura niyyar aikin hajji a ƙafa, yadda ake yi a da, a bi ta Barno a ratsa Sudan, ana tafiya ana ƙwadago, shekaru kafin a kai. Mahaifiyarsu na da cikin Baba. Ita ta riƙe igiyar jakinsa ta raka shi har bayan gari, gindin wata tsamiya. Ya karɓi igiyar, ya dafa kanta ya ce ta riƙe gida har ya dawo. Ta tsaya tana kallon sa har ya shige cikin dawa. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba wanda ya zo ya ce ga inda aka binne shi.

Ta ce, "Ni ba jirgi nike tsoro ba. Hanyar nan ce ba ta maido mutane. In na tahi, wa za ya riƙe ki?"

A nan na gane dalilin da ya sa ba ta rakiya, na kuma gane cewa maganin da na kawo ya ƙara wa ciwon gishiri. Saura kwana huɗu Baba ya dawo.

Da safe na tambayi malaminmu abin da ke shafin ƙarshe. Ya ce duk kwalin haka gara ta yi masa, shi ma bai taɓa gani ba. Ya ce, "Ai jirgi sauka yake yi, me kuma za a rubuta?" Na ce a raina, tunda haka ne, ni ma na iya.

Na yago takarda daga tsakiyar littafin rubutuna, na yanke ta da reza daidai girman shafin. Na zana jirgi a ƙasa bisa tayoyinsa, da tsani, da mutane suna saukowa. Ban san abin da ya kai ni ba, na sa wata gajeriyar mace a gaba da buta a hannu. Sannan na danne fensir na kwaikwayi rubutun inji, harafi ɗaya-ɗaya: Jirgi ya sauka lafiya. Kowa ya koma gida. Da Goggo ta fita gidan suna, na zaro allurarta, na tsinko zare daga taskira, na ɗinke shafin a bayan littafin. Na duba aikina na ga ko mai littafin sai ya rantse nasa ne.

Da la'asar na ce mata malam ya tsinci shafin a gindin kwali ya maƙala mini. Ta karɓa. Ta kalli hoton, sannan ta bi ɗinkin da babban yatsa daga sama har ƙasa, a hankali. Na ce yau kashina ya bushe.

Ta ce, "Karanta."

Na karanta.

"Sake."

Sau uku na karanta mata. Ta miƙo mini littafin, ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Ranar kasuwa Baba ya iso da fuska a ɗaure, ya shirya wa faɗa. Ya tarar da ita zaune a bakin zaure da mayafi da takalmi.

Ta ce, "Kai Auta, haka ake? Tun ɗazu nike jiranka."

Da za su tafi Kano hawa jirgi ta ce in ba ta aron littafin. Labarin tafiyar kuwa mun sha shi shekara da shekaru, daga bakinta da bakin matan da suka tafi tare. Wai tun a gida ta rage rabin garin da ta ƙulla, ta hana wata ɗaukar turmi ƙarami, tana ce mata so take ta hana jama'a tashi. Wai a gindin tsanin jirgi ta tsaya ta ciro ɗan tsokacin auduga daga bakin zane ta sake shi, don ta ga inda iska ta nufa, layi ya tsaya a bayanta ana ta yi mata magana. Da jirgin ya gangara ya juya ya ba iskar fuska, sai ta dafa ta kusa da ita, wadda ke ta salati tana kyarma, ta ce, "Kwantar da hankalinki, direban ya san aikinshi."

A can ta bi tsofaffin Hausawan da suka daɗe da zama, tana faɗa musu sunan mahaifinta da garinsu da kamanninsa. Ba wanda ya san shi. Ta ce a Madina ta tsaya bayan katangar maƙabarta, ba ta san ko yana ciki ba ko yana can wani daji a hanya, ta yi masa addu'a, sannan ta ce, "Baba, na riƙe gidan. Cikin da ka bari namiji ne, shi ya kawo ni." Ta ce daga nan wani abu da ya shekara hamsin a ƙirjinta ya sauka.

Ranar da suka dawo gari ya fita tarya bakin hanya. Ta sauko daga mota da buta a hannu, ba haƙorin Makka, wai nata ba su yi mata laifin komai ba. Ta ratsa jama'a ta kamo ni ta matse, har na ji ƙamshin wani turare da ban sani ba. Kowa ya koma kiran ta Hajiya, ni dai Goggo na sani. Na tambayi littafina, ta ce aro bai ƙare ba. Da na gaji da tambaya na bari, har na ɗauka ya ɓace.

Daga shekarar Goggo ta fara rakiya, kuma da ta fara ba ta san iyaka ba. Sai ta raka baƙo har tasha, ta jira mota ta cika, ta ja wa direba kunne. Masu cewa girman kai ne suka koma roƙonta don Allah ta koma gida.

Littafin nan mai 'yan shafuna kuwa ya zame mata ma'aunin komai. In zan tafi jarrabawa sai ta ce, "Kin zagaya jirginki?" Wato in duba fensir da reza ko da jiya na duba. Da wanda na aura ya fito neman aurena, kowa na yabon aikinsa da babur ɗinsa, ita kuwa ta hau mota ta tafi garinsu a ɓoye, ta wuni gidan wata mai ƙosai tana tambayar yadda yake da uwarsa. Ta dawo ta ce ta zagaya shi, tayoyinsa lafiya. In ta ga ina riƙe da wani a zuciya sai ta ce kayana sun yi yawa, in sauke wasu. Na sha jin haushin wannan, domin ni mai riƙo ce, har gobe ina fama.

Wadda ba zan manta ba ita ce shekarar da aka tura ni Sabuwa shugabar makaranta. Mace, yarinya, baƙuwa. Malamai maza suka ƙi ba ni haɗin kai, iyaye suka fara janye 'ya'yansu, ba wanda ke zagina amma ba wanda ke amsa gaisuwata da daɗi. Wata uku na daure, sannan na kwaso kayana na taho Yankara ina kuka, na ce na bar aikin, kowa gaba yake da ni. Ta bar ni na yi mai isata. Ta turo mini ƙanzo, da girmana da komai. Sannan ta ce:

"Tambaya ɗaya zan maki. Shiƙa kika je yi Sabuwa ko tashi? In shiƙa ce, ba iska baya, ba laihi. In kau tashi za ki, juyo."

Kashegari ta raka ni tasha. Ina makarantar har yau, kuma 'ya'yan waɗanda suka janye 'ya'yansu ne ke cika mini aji.

Da ciwonta ya yi tsanani aka aiko mini. Na zo na tarar ta rame, yatsun nan da suka ƙi gajiya sun kwanta. Ranar Litinin bayan la'asar, mutane sun ragu, ta ce in yafe mata duk abin da ta yi mini. Na ce ba ta yi mini komai ba sai alheri, ni ce ma ke da abin neman yafiya. Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da shi. Na sunkuyar da kai na faɗa mata cewa shafin ƙarshen nan ba malam ne ya tsinta ba, ni na zana, ni na rubuta, ni na ɗinka, kuma da ƙaryata ta hau jirgi.

Sai na ji gadon yana motsi. Na ɗago a tsorace, ashe dariya take, ba sauti.

"'Yar boko, ke kin ɗauka wayo gare ki? Karatu ne ban iya ba, amma zarena hwa? Ko cikin dubu na san shi. Ga ɗinki kamar tahiyar kaguwa. Tun kahin ki buɗe baki na sani."

Na ce, "To mi ya sa kika tahi?"

Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Wanda ya rubuta farkon bai san ni ba, jirginshi kawai ya sani. Wadda ta rubuta ƙarshen kau ta sa ni ciki, har da butata. Na ce tunda akwai mai jirana haka, in Allah Ya so sai na dawo. Ɗiyata, ba ƙarya kika yi ba. Addu'a ce kika ɗinka."

Na tambaye ta ina littafin. Ta ce yana inda ya kamata. Ban gane ba sai kashegari, da ya zamo daga cikin likkafani. Ta haɗa kayan tafiyarta wuri ɗaya, ta zagaya jirginta tun da sauran lokaci.

Da aka ɗauko ta za a fita, na bi makarar har bakin zaure. Nan mata ke tsayawa, nan na tsaya. Matar da ta raka ni tasha ba adadi, iyakar rakiyar da na iya yi mata ke nan. Na tsaya ina kallo har suka sha kwana, sai na tuna wata yarinya 'yar shekara tara a gindin tsamiya. Kukan da na riƙe tun safe a nan ya ƙwace mini.

Da yamma Baba ya kira ni gefe ya miƙo mini littafin. Ya ce shi sai yau ya san abin da ya juyar da zuciyar yayarsa, duk shekarun nan yana jin faɗansa ne ya yi aiki. Na ce ya ci gaba da jin haka, ba za ta ƙi ba.

Yana gabana yanzu da nake wannan rubutu. Takardun sun yi ja, suna ƙamshin adaka. Zaren bai tsinke ba. Rubutun fensir ya dushe amma ana karantawa, sai dai gajeriyar macen nan mai buta ta kusa gogewa, saboda yawan ɗora yatsa a kanta.

Wannan karon ba ni da shafin da zan ɗinka ya dawo mini da ita. Ina kewarta, kewa mai ciwo, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ya Allah, Kai Ka san abin da yarinya ta rubuta da abin da tsohuwa ta karanta a ciki. Ka gafarta wa Goggo, Ka yalwata makwancinta, Ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da mai jakin da ta raka bayan gari. Ka sa ta sauka lafiya, ta koma gida.